Keɓe wa kowace manhaja muhallinta a gajimare da Terraform: ina iyakar ta dace ta tsaya?

Ɗan Misfala, daga Makka:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Makka da ke rubuta wa masu hidimar alhazai da masu umara manhajoji: akwai ta kama ɗaki a masauki, akwai ta tsara motocin da ke jigila tsakanin Jidda da Makka da Madina, akwai kuma wadda ake ajiye hotunan fasfo da bayanan matafiya a cikinta. Dukkansu suna zaune a gajimare, wato a kwamfutocin wani babban kamfani da ake haya ta intanet, cikin asusu guda da cibiyar sadarwa guda, kuma da hannu aka gina komai, wato mutum ya shiga shafin kamfanin gajimaren ya yi ta danne-danne har saba, wato kwamfutar da manhaja ke aiki a kanta, ta tashi.

Yanzu wasu daga cikin abokan cinikinmu sun rubuta a yarjejeniya cewa dole ne bayanansu su zauna a keɓe, kada su haɗa hanya da na kowa, kuma mai kamfaninmu ya ɗora mini nauyin sake gina muhallin gaba ɗaya da Terraform, manhajar da ke gina sabobi da cibiyoyin sadarwa a gajimare daga rubutu, ta yadda duk lokacin da sabon abokin ciniki ya zo za a iya fitar masa da nasa muhallin daga rubutu ɗaya. Abin da nake neman haske a kai shi ne, shin ya wadatar in raba cibiyar da muke da ita gida-gida, kowane abokin ciniki da nasa yankin adireshi da katangar tsaro, ko kuwa sai kowa ya samu tasa VPC ɗin dabam, wato keɓantacciyar cibiyar sadarwa tasa shi kaɗai a gajimare? Sannan na ga Terraform yana da tsarin da ke ba mutum damar yin amfani da rubutu ɗaya ya riƙa sauya wuraren aiki, ɗaya na gwaji ɗaya na aikin gaske. Shin zan iya dogara da shi wajen raba abokan ciniki? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Injiniya, daga Riyad:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, tambayarka ta fara ne daga cibiyar sadarwa, amma ni zan fara amsa ta daga asusu, domin a nan ne mafi yawan masu wannan aikin ke kafa iyaka a inda ba ta da ƙarfi. Idan ka raba yankunan adireshi, ko ma ka ba kowa tasa VPC, amma duk suna ƙarƙashin asusu guda kuma makulli guda ne ke buɗe su, to abin da ka yi tamkar masaukin alhazai ne da kowane ɗaki yake da kwaɗonsa, amma akwai makullin da ke buɗe duka ɗakunan yana rataye a ƙusa bayan teburin mai gadi. Wanda ya samu kalmar sirrin asusun, ko makullin da manhaja ɗaya ke aiki da shi idan an ba shi iko fiye da kima, ba ya buƙatar bi ta hanyar sadarwa ko kaɗan. Zai nemi kwafin rumbun bayanai daga kamfanin gajimaren kai tsaye, katangar da ka gina tana tsaye ba abin da ya taɓa ta.

Saboda haka iyaka ta farko ita ce ta iko. A AWS, gajimaren Amazon, ana yin ta da asusu dabam-dabam a ƙarƙashin AWS Organizations, a Google Cloud da furojet dabam-dabam, a Azure da rajistar biyan kuɗi dabam-dabam, a Oracle kuwa da ɓangarorin da ake yankawa a cikin babban asusu, kowane ɓangare da nasa ƙa'idojin izini. A cikin kowace iyaka irin wannan ne sai ka gina cibiyar sadarwa ta wannan abokin cinikin, ka raba ta biyu aƙalla: yankin da ke fuskantar intanet, inda ba abin da zai zauna sai na'urar da ke karɓar baƙi tana rarraba lodi, da yankin ciki, inda sabobin manhaja da rumbun bayanai suke ba tare da adireshin da ake gani daga waje ba. Rumbun bayanan kada ya amsa wa kowa sai sabobin manhajarsa, ta ƙofa ɗaya tak.

Game da sauya wuraren aiki a Terraform kuwa, ina ba ka shawara ka bar shi ga ƙananan gwaje-gwaje. Dalili shi ne, duk wuraren aikin da ke ƙarƙashin rubutu ɗaya ma'ajiya guda suke amfani da ita wajen ajiye fayil ɗin da Terraform ke riƙe lissafin abin da ya gina, kuma da izini guda ake shiga ma'ajiyar. Su kansu masu Terraform sun bayyana a bayanan aikinsa cewa ba a yi wannan tsarin don raba muhallan da ke buƙatar makullai da iko dabam ba. Ƙari a kan haka, mutum yana iya mantawa da wurin aikin da yake ciki, ya ba da umarnin rushewa yana zaton gwaji yake rushewa.

Wannan fayil ɗin lissafi shi ne abin da nake so ka fi mayar da hankali a kai, domin mutane kan raina shi. Terraform yana rubuta duk abin da ya sani game da kayan da ya gina a cikinsa, har da kalmomin sirrin rumbun bayanai idan ta hannunsa aka ƙirƙira su, kuma a fili yake rubuta su. Ko da ka yi wa kalma alamar sirri a rubutunka, ɓoye ta daga allo kawai yake yi, amma tana nan cikin fayil. Idan ka tara lissafin abokan ciniki goma a fayil ɗaya ko a ma'ajiya ɗaya, ka sake haɗa abin da ka raba da hannunka. Kowane muhalli ya samu fayil ɗinsa, a ma'ajiyar da aka rufe da makullin ɓoye bayanai, wadda ke ajiye tsofaffin kwafi, kuma take da kulle mai hana mutum biyu yin sauyi a lokaci guda. Kada ya shiga Git, ma'ajiyar da masu rubuta manhaja ke tara rubutunsu tare, ko da sau ɗaya ne.

Abin da za ka raba tsakanin abokan ciniki shi ne modul, wato rubutun da ke bayyana siffar muhalli: cibiya, yankuna, katanga, rumbu. Ka rubuta shi sau ɗaya, ka sa masa lambar fitowa, sannan kowane abokin ciniki ya samu ƙaramin fayil nasa da ke kiran modul ɗin da sunansa da adireshinsa da girman sabobinsa. Amfanin lambar fitowa shi ne idan ka gyara modul, ba kowa ne zai karɓi gyaran a rana ɗaya ba. Ka fara da muhallin gwaji, ka bi da ƙaramin abokin ciniki, sannan manya.

Uwar Biyu, daga Jidda:

Assalamu alaikum. Malam Injiniya ya gama da ɓangaren gini, Allah ya ƙara basira. Ni aikina ya shafi bin dokokin kare bayanai ne, kuma da na ga an ambaci hotunan fasfo sai na ga ya wajaba in sa baki, domin kafin a yi maganar yadda za a raba muhalli akwai maganar ƙasar da muhallin zai zauna.

Ɗan'uwa, dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya an fitar da ita a 2021, aka yi mata gyara a 2023, ta fara aiki ranar 14 ga Satumba 2023, kuma wa'adin shekara ɗaya da aka ba kamfanoni su daidaita al'amuransu ya cika a Satumban 2024. Hukumar SDAIA ce ke sa ido a kanta. Bayanan mahajjaci da kuke sarrafawa a cikin ƙasar nan suna ƙarƙashinta ko da shi baƙo ne da zai koma gida bayan makonni kaɗan. Dokar ba ta haramta fitar da bayanai waje gaba ɗaya ba, amma ta kafa sharuɗɗa, kuma ga ƙaramin kamfani abin da ya fi sauƙi shi ne a bar bayanan a cikin gida tun farko. Idan kuma abokin cinikinku yana hulɗa da wata ma'aikatar gwamnati, ku sa ran za a tambaye ku game da ƙa'idojin hukumar tsaron intanet ta ƙasa, NCA, wadda ta fitar da ƙa'idojin tushe a 2018 da na musamman kan gajimare a 2020.

Zaɓin kamfanonin gajimare a cikin ƙasa yanzu ya yawaita. Oracle ya buɗe cibiyarsa ta Jidda a 2020, ya ƙara ta Riyad a 2024. Google Cloud ya buɗe ta Damam a 2023, kuma kamfanonin cikin gida ta hannun kamfanin CNTXT suke samun hidimar. Akwai Alibaba Cloud da Huawei Cloud a Riyad. Cibiyar AWS ta Bahrain, wadda aka buɗe a 2019, tana kusa da mu ƙwarai, amma kusanci bai mayar da ita cikin Saudiyya ba a idon doka.

Inda rubutaccen tsari ke taimaka wa irin aikina shi ne, ana iya kulle yankin da aka yarda a gina kaya a ciki tun daga matakin asusu, ta yadda ko ma'aikaci ya so ya tayar da saba a Turai ba zai iya ba. Ku lura da abubuwan da ke sulalewa waje ba tare da an ankara ba: kwafin ajiya na rumbun bayanai, da bayanan bibiya da manhaja ke turawa wani kamfanin sa ido a ƙetare, da shi kansa fayil ɗin lissafin da Malam ya ambata, wanda wasu ke ajiyewa a hidimar da sabobinta suke Amurka. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi ba ni tsoro fiye da duk waɗannan, wato kwafo bayanan gaske a zuba su a muhallin gwaji don a ga yadda manhaja ke aiki, alhali muhallin gwaji kowane mai rubuta manhaja yana da makullinsa. A ƙirƙiri bayanan ƙarya don gwaji.

Rabuwar tana da wani amfani ranar da Allah ya kawo tsautsayi. Ƙa'idojin aiwatar da dokar sun bukaci a sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka gano bayanai sun fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Idan kowane abokin ciniki yana da asusunsa da tarihin shiga da fita nasa, cikin ɗan lokaci za ku iya cewa bayanan wane ne abin ya shafa, na wane kuma bai shafa ba. Idan kuwa duk a haɗe suke, sai ku kira kowa ku ba shi haƙuri.

Bakano a Damam:

Salamu alaikum. Ina girmama abin da Malam da Hajiya suka faɗa, amma ina da ɗan ja a wuri ɗaya, kuma ina so Ɗan Misfala ya ji shi kafin ya kai wa mai kamfaninsu lissafi. Cikakken muhalli ga kowane abokin ciniki yana da kuɗin da ake biya ko ana aiki ko ba a yi. A AWS, alal misali, ƙofar NAT da sabobin ciki ke bi su fita intanet ana cajin ta a kowace awa, ana kuma cajin kowace gigabait da ta bi ta ciki. Haka na'urar rarraba lodi, haka rumbun bayanan da kamfanin gajimare ke kula da shi. Ka ninka wannan sau yawan abokan ciniki, ka sake ninkawa biyu saboda gwaji da aikin gaske. Harkar Hajji da umara kuma ta lokaci ce: tana cika a Ramadan da lokacin Hajji, tana lafawa bayan haka, amma cajin ba ya lafawa. Mai ofishin tafiye-tafiye da ke da motoci kaɗan ba zai biya wannan ba.

A ganina a yi mataki biyu. Wanda ya rubuta keɓewa a yarjejeniyarsa, ko wanda ake ajiye masa fasfo, a ba shi cikakken asusu kamar yadda Malam ya ce, kuma kuɗin ya fito a farashinsa. Sauran ƙanana su zauna a muhalli na haɗaka, kowa da rumbun bayanansa da makullinsa. Modul ɗaya zai iya fitar da duka nau'o'in biyu. Muhallin gwaji kuma tunda rubutu ne ke gina shi, babu dalilin barinsa yana cin kuɗi Juma'a da Asabar. A rushe shi da yammacin Alhamis, a sake gina shi safiyar Lahadi.

Abu na biyu, adireshi. Kada ka ba kowace cibiya rukunin adireshi na 10.0.0.0/16 (lambar ƙarshen ce ke nuna girman rukunin) don kawai shi ne ke cikin misalan da ake gani a intanet. Yau kana cewa ba za su taɓa haɗuwa ba, amma gobe za a ce a haɗa ɗaya da cibiyar sa ido ta kamfaninku, ko a ja layin VPN, wato ɓoyayyar hanyar sadarwa ta cikin intanet, zuwa ofishin abokin ciniki, kuma cibiyoyi biyu masu adireshi iri ɗaya ba sa haɗuwa kai tsaye. Sauya adireshin cibiyar da ke aiki kusan sake gini ne. Rukunin 10.0.0.0/8 yana ɗauke da yanki 256 masu girman /16, kowanne da adireshi 65,536, wanda ya fi ƙarfin bukatarku nesa ba kusa ba. Ƙaramin yanki mai girman /20 yana da 4,096, kuma /16 ɗaya yana fitar da su 16. Ka ajiye jadawalin rabon adireshi a fayil ɗaya cikin Git, modul ya riƙa karɓar yankinsa daga nan. Ka guji 172.17.0.0/16 domin Docker, wanda ake tafiyar da manhajoji a cikinsa a kan saba, shi yake ɗauka wa kansa idan ba a faɗa masa wani ba. Ka kuma tuna kamfanonin gajimare suna riƙe wasu adireshi a kowane ƙaramin yanki: AWS biyar yake riƙewa, don haka /24 mai 256 adireshi 251 za ka samu.

Wani abu a gefe: tun da HashiCorp, kamfanin da ya ƙirƙiri Terraform, ya sauya lasisinsa a Agustan 2023, aka fitar da OpenTofu, wani reshe na Terraform, a ƙarƙashin gidauniyar Linux Foundation, kuma daga fitowa ta 1.7 yana iya ɓoye abin da ke cikin fayil ɗin lissafi da kansa kafin ya ajiye shi. Sauyin lasisin bai hana kamfani irin naku amfani da Terraform a aikinsa na ciki ba, amma saboda wannan ɓoyewar kaɗai ya cancanci ka duba OpenTofu tun ba ka yi nisa ba.

Ɗan Misfala, daga Makka:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fahimci cewa iyakar ta fara daga asusu da fayil ɗin lissafi, kuma shawarar mataki biyu za ta fi karɓuwa a wurin mai kamfani. Saura abu ɗaya da ya tsaya mini: kayan da ke aiki yanzu, waɗanda aka gina da hannu, yaya zan yi da su? Shin in shigar da su ƙarƙashin Terraform yadda suke, ko in gina sabo in kwashe? Kuma wa ya kamata ya riƙe ikon aiwatar da sauyi, tunda mu huɗu ne masu taɓa sabobin nan, kuma kowa ya saba shiga ya gyara abu da hannu idan an kira shi da dare?

Tsohon Injiniya, daga Riyad:

Na yarda da Malam Bakano a kan mataki biyu, da sharaɗi ɗaya: duk inda hoton fasfo zai zauna ba ya cikin muhallin haɗaka, komai ƙanƙantar abokin cinikin.

Ƙanena, Terraform yana iya karɓar kayan da aka riga aka gina, kuma daga fitowa ta 1.5 a 2023 ana iya rubuta wannan shigarwar a cikin rubutun kansa, har ya fitar maka da zanen farko na bayanin kayan. Amma a halinku ban ga amfanin shigar da tsohuwar cibiyar ba, domin siffarta ce kuke son rabuwa da ita. Idan ka shigar da ita, ka rubuta haɗakar nan ce a takarda ka ba ta tsawon rai. Ka gina sabon muhalli daga modul, ka kwafi bayanan abokin ciniki ɗaya zuwa can, ka gwada har ka gamsu, sannan ka juya sunan shafinsa ya nuna sabon wurin. Kwana ɗaya ko biyu kafin juyawar ka rage wa'adin da na'urori ke riƙe tsohon adireshi a DNS, tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshinsa, zuwa 'yan mintuna, don idan abu ya ƙi ka koma baya da sauri. Abin da ya cancanci shigarwa shi ne wanda ba a sake ƙirƙira cikin sauƙi, kamar rajistar sunayen shafuka da manyan ma'ajiyoyin fayil. Rumbunan bayanai kuwa ka sa musu alamar hana rushewa a rubutun Terraform, ka kuma kunna kariyar gogewa ta kamfanin gajimaren, domin wani ƙaramin sauyi a rubutu yana iya sa Terraform ya yanke shawarar rushe rumbu ya gina sabo, kuma zai faɗa maka haka a shirin da yake nunawa kafin aiki, sai dai in ba ka karanta ba.

Ikon aiwatarwa kada ya zauna a kwamfutar kowa daga cikinku. Sauyi ya shiga Git, injin aiwatarwa, wato kwamfutar da aka keɓe don tafiyar da Terraform da kanta, ya fitar da shirin abin da zai ƙara da abin da zai sauya da abin da zai rushe, mutum na biyu ya karanta ya amince, sannan injin ya aiwatar da makullin wucin gadi wanda ikonsa bai wuce asusun wannan abokin cinikin ba. Ku huɗun ku riƙe izinin gani kawai a muhallin aikin gaske. Don kiran dare, a tanadi asusun gaggawa guda mai tabbatarwa ta mataki biyu, wanda buɗe shi ke aika wa kowa sanarwa, kuma duk gyaran da aka yi da shi a mayar da shi cikin rubutu washegari. In ba haka ba, aiwatarwa ta gaba za ta share gyaran ta mayar da matsalar. Ka sa injin ya riƙa fitar da shiri kowace safiya ba tare da aiwatarwa ba, duk ranar da ya nuna bambanci kun san wani ya taɓa abu da hannu.

Game da lokaci, kada ka kwashe kowa daga farkon Ramadan har a gama aikin Hajji. Ka yi amfani da waɗannan watannin wajen rubuta modul da gwada shi, kwasar ta fara bayan alhazai sun watse, kuma ka fara da manhajar motoci, wadda ba ta riƙe fasfon kowa.